Tambayi Mai Nutso: Wasiƙu a Kan Manhajar Tsara Nutso da Zangon Fitowa

Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kusan duk a kan abu guda suke, wato manhajojin da ake tsara nutso da su a waya ko a kwamfuta. Na zaɓi biyar. Don wanda bai taɓa goya tulun iska ya shiga teku ba, ga maganar a taƙaice kafin mu shiga. Duk mita 10 da ka nutsa a ruwan gishiri, matsi yana ƙaruwa a kanka da bar 1, wato kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a saman ruwa. Iskar da kake shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, jiki ba ya amfani da shi, amma matsi yana tura shi ya narke cikin jini da tsoka da kitse. In ka taso a hankali, sai ya fita ta huhu. In ka taso da gaggawa, sai ya zama kumfa a cikin jikinka, shi ne ciwon kumfa. Tsayawar da mai nutso yake yi a wani zurfi don naitirojin ya fita, ita muke kira zango.

Tambaya: Malam, na kammala matakin farko na horon nutso mai zango. Na shigar da tsari iri ɗaya a manhajoji biyu: zurfin mita 40, minti 25 a ƙasa, da iska irin wadda kowa ke shaƙa. Ɗaya ta ba ni zango na minti 19 gaba ɗaya, ɗayar ta ba ni minti 34. Wacce ce take yi mini ƙarya? *Daga wani ɗalibin nutso*

Amsa: Ƙanena, babu mai ƙarya a cikinsu. Kowacce ta yi lissafin da aka ɗora ta a kansa, kuma babu wadda ta taɓa ganin jininka.

Bari in koma da kai baya kaɗan, domin in ka san inda lissafin ya fito, ba za ka sake yi wa lambobin kallon wahayi ba. A shekarar 1878 masanin Faransa Paul Bert ya nuna cewa kumfar naitirojin ce take kayar da masu aiki ƙarƙashin matsi. Bayan shekara 30, a 1908, John Scott Haldane da abokan aikinsa biyu, Boycott da Damant, suka fitar da jadawalin farko na zango-zango wa rundunar ruwa ta Ingila, bayan gwaje-gwajen da suka yi a kan awaki a ɗakin matsi a Landan. Dabarar Haldane ita ce ya ɗauki jikin mutum tamkar randuna biyar da ake zuba musu ruwa lokaci guda, amma bakin kowacce daban. Wata tana cika rabi a minti 5, wata a 10, wata a 20, wata a 40, mai nawar cikinsu a minti 75. Randar minti 5 tana kai rabi a minti 5, kashi uku cikin huɗu a minti 10, a minti 30 kusan ta cika maƙil. Yadda take cika da sauri haka take zubarwa da sauri.

A 1965 Robert Workman na rundunar ruwa ta Amurka ya sa wa kowace randa iyakar abin da za ta iya riƙewa a kowane zurfi kafin kumfa ta zama ciwo. Sai likitan nan na Zurik a Suwizalan, Albert Bühlmann, ya faɗaɗa randunan zuwa 16, daga mai minti 4 har zuwa mai minti 635, ya kuma gina lissafin yadda zai yi aiki a tafkunan kan tsaunuka inda iska take da sauƙi. Wannan shi ne ZH-L16 da kake gani a shafin saiti. Mafi yawan manhajojin yau a kansa suke, domin ya wallafa lambobinsa a fili, kowa na iya dubawa. Ka lura da randar ƙarshe: minti 635 sau shida ya haura kwana biyu da rabi. Shi ya sa nutson jiya yake shiga lissafin na yau.

To ina bambancin minti 15 ya fito? Abu na farko da nake zargi shi ne lambobin nan biyu da ake rubutawa GF, kamar 30/70 ko 50/80. Wani injiniya kuma mai nutson kogo, Erik Baker, shi ya yaɗa su a ƙarshen shekarun 1990. Iyakar Bühlmann kamar bakin rijiya ce. GF 100 yana nufin ka yarda ka taka har gefen bakin. GF 70 yana nufin ka tsaya a kashi 70 na tazarar. Lambar farko ita take yanke zurfin zangonka na farko: in ta yi ƙasa, sai ka fara tsayawa tun da zurfi. Lamba ta biyu ita take yanke yawan naitirojin da za ka fito da shi saman ruwa: in ta yi ƙasa, sai zangon mita 6 da na mita 3 su yi tsawo. Manhaja mai 30/70 da mai 45/95 dole su ba ka lokaci mabambanta sosai alhali duk Bühlmann suke karantawa.

In ka duba ka ga GF ɗaya ne, sai ka bi sauran saitin ɗaya bayan ɗaya. Shin ɗayar tana kan VPM-B ne, wato lissafin da yake bin girman ƙwayoyin kumfa, wanda ya samo asali daga aikin David Yount a Jami'ar Hawayi? Shin minti 25 ɗinka sun haɗa da lokacin sauka, ko daga isa ƙasa aka fara ƙirga? Wannan kaɗai minti biyu ne a zurfin mita 40, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Saurin tasowa nawa aka sa, mita 9 a minti ko 10 ko 18? Zangon ƙarshe a mita 3 ne ko a mita 6? Ruwan gishiri ko ruwan daɗi? Akwai wani nutso da ka manta ka bari a cikin manhajar tun jiya? Ni duk lokacin da na zauna da ɗalibi muka daidaita waɗannan layi-layi, sai manhajojin biyu su matso kusa da juna, bambancin ya koma minti ɗaya ko biyu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan haɗiye shi ba. Iska zalla a mita 40 na tsawon minti 25 ba tsarin da nake so ba ne. A wannan zurfin mayen naitirojin yana taɓa hankalin kowa, ko ya ji ko bai ji ba, kuma iskar ta yi kauri har nauyinta ya wuce giram 6 a kowace lita, numfashi ya yi wuya, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ka fitar ta taru a jini. Manhaja za ta buga maka jadawali mai kyan gani ba tare da ta ce uffan ba. Ka yi magana da malaminka a kan ƙara hiliyam cikin iskar, ko ka rage zurfin.

Tambaya: Na sauke manhajar tsara nutso a wayata kuma na fahimci yadda take aiki. Takardar shaidata ta mita 18 ce. Tunda manhajar tana gaya mini inda zan tsaya da tsawon lokaci, ina buƙatar wani horo kafin in gwada mita 45? *Daga wani mai karatu*

Amsa: Kana buƙata, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka da girman Allah kada ka gwada. Rubuta "mita 6, minti 12" abu ne mai sauƙi. Tsayawa cak a mita 6 na minti 12 cikin igiyar ruwa, babu abin riƙewa, tulunka ya yi sauƙi yana jan ka sama, wannan sai hannu ya saba. Daga lokacin da zango ya zama wajibi a kanka, saman ruwa ya rufe, ko da kana ganin hasken rana. In na'urar shaƙarka ta lalace, a nan ƙasa za ka gyara matsalar ko ka koma kan ta biyu. Iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40 ce, kai kuma ko 30 ba a kai ka ba tukuna. Ka bi matakan.

Tambaya: Malam, kullum kwamfutar hannuna tana nuna mini saura minti da yawa kafin zango ya wajaba, amma sai in ga allurar ma'aunin iskar tulu ta faɗi ƙasa. An koya mana mu fito da bar 50. Ta yaya zan sa manhaja ta tsara mini iskar da kanta? *Daga wata 'yar'uwa mai nutso*

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce wasiƙar da ta fi faranta mini rai, domin kin sa yatsa a kan abin da ya fi kashe masu nutso fiye da ciwon kumfa, wato ƙarewar iska. Kowace manhaja mai kyau tana lissafin iska, amma da lambar da kika ba ta take yi. In ba ki ba ta taki ba, sai ta yi da ta wani mutum da ba ya wanzuwa, galibi lita 20 a minti.

Ga yadda za ki san taki. Ki sauka mita 10, ki duba allura, ki yi iyo yadda kika saba na minti 10 ba tare da canza zurfi ba, ki sake dubawa. A ce tulunki mai lita 12 ne kuma bar 30 suka tafi. Lita 360 ke nan, wato 36 a minti. A mita 10 matsi bar 2 ne, sai ki raba biyu: lita 18 a minti in da a saman ruwa kike. Ki maimaita wannan a ranar sanyi, da ranar da kike yaƙi da igiyar ruwa, za ki ga lambar tana tashi. Mafi munin su za ki ba manhaja.

Yanzu mu auna bar 50 ɗin nan. Tulu mai lita 12 a bar 200 yana ɗauke da lita 2,400. A mita 30 matsi bar 4 ne, don haka mai shan lita 20 a sama yana shan 80 a can. A ce a minti na ƙarshe abokiyar nutsonki ta zo miki da alamar yankan wuya, iskarta ta ƙare. Ku biyu ne yanzu a kan tulu ɗaya, zukata na bugawa, kowacce tana shan aƙalla lita 30, jimla 60. Minti ɗaya a ƙasa kafin ku natsu ku riƙe juna: lita 240. Tasowa daga mita 30 zuwa 5, kimanin minti 3: kusan lita 500. Tsayawar kariya ta minti 3 a mita 5: lita 270. Ƙarasawa sama: lita 75. Jimla ta kusa 1,100, wato bar 90 a tulunki. Bar 50 lita 600 ne kacal. Ke nan daga mita 30, allura na taɓa 90 ya kamata ki riga kin juya sama. Abin da ya rage miki na kashewa bar 110 ne, lita 1,320, wanda a lita 80 a minti bai kai minti 17 ba. Jadawalin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, ya ba da minti 20 a mita 30 kafin zango ya wajaba. Kin ga tulu ne yake korar ki tun kafin naitirojin ya yi magana.

Ban koyi wannan daga littafi ba. Shekarun baya a Bahar Maliya, a kan wani jirgi da ya nutse, na tsara nutso da daddare a manhaja, komai ya fito fes, har da ragowar iska mai yawa. Da safe igiyar ruwa ta tashi. Muka riƙa jan igiyar sauka hannu bayan hannu, muka isa ƙasa muna haki. Abokin nutsona saurayi ne mai ƙarfi, irin waɗanda huhunsu ke da faɗi. A tsakiyar lokacin da muka tsara ya nuna mini allurarsa, na ga ta kai inda ya kamata ta kasance a ƙarshe. Muka yanke nutson nan take. Zangon mita 6 a kan dogon bututun shaƙata ya ƙarasa shi, yana shan iskar tuluna, ina riƙe da ɗamararsa, ina kallon allurata tana sauka da saurin mutum biyu. Muka fito lafiya, alhamdu lillahi. Da na koma kan tsarin sai na tarar lambar shan iskata ce na sa wa mu biyun, kuma lambar ranar da teku ke kwance ce. Lissafin manhajar daidai yake har zuwa lita ta ƙarshe. Tun daga ranar, ba na tsara nutso sai da lambar wanda ya fi kowa shan iska a cikinmu, kuma ina fitar da tsari uku a kan allon hannuna: wanda muke nufi, wanda muka zarce da mita 3, da wanda muka ƙara minti 5. In nutson na da tulun zango daban, sai in ƙara na huɗu, na ranar da wannan tulun ya ƙi aiki.

Wani abu kuma da manhaja ba za ta iya yi miki ba: sanin abin da ke cikin tulun. In kika ce mata naitroks 32 ne, wato iska mai oksijin kashi 32, za ta ce iyakarki mita 33 in aka sa iyakar matsin oksijin a bar 1.4. In a zahiri 36 aka cika miki, iyakarki ba ta kai mita 29 ba, kuma oksijin da ya yi yawa a zurfi yana kawo farfaɗiya a cikin ruwa ba tare da sallama ba. Ki auna tulunki da hannunki, ki rubuta lambar a jikinsa, sannan ki shigar da ita a kwamfutar.

Tambaya: Malaminmu na da ya koya mana mu riƙa tsayawa tun da zurfi, ya ce hakan yana hana kumfa girma, ya sa mu saita 20/85. Yanzu na ji wasu suna cewa an bar wannan. Wa zan bi? *Daga wani tsohon mai nutso*

Amsa: Yallaɓai, malaminka bai cuce ka ba, abin da kusan dukanmu muka yarda da shi ke nan a wancan lokacin, ni ma na yi shekaru a kai. Labarin ya soma ne da Richard Pyle, masanin kifi a Hawayi, wanda yake kamo kifaye daga zurfi. Ya lura cewa a ranakun da ya tsaya a hanya don ya huda jakar iskar kifin kada ta fashe, jikinsa ya fi sauƙi bayan ya fito. Maganar ta yi daidai da lissafin kumfa irin su VPM da RGBM na Bruce Wienke, sai ta bazu ko'ina, masu amfani da Bühlmann ma suka riƙa sauke lambar GF ta farko don su kwaikwayi haka.

Sai aka gwada a kan mutane. Sashen gwajin nutso na rundunar ruwa ta Amurka da ke Panama City a Fulorida ya fitar da rahoto a 2011. Masu nutso sun sauka kimanin mita 52 na minti 30 da iska zalla, suna aiki a ƙasa. Aka raba su gida biyu, kowane gida da jimlar lokacin zango iri ɗaya, amma wasu aka fara tsayar da su da zurfi, wasu aka tara musu lokacin a kusa da sama. A cikin nutso 192 na masu zango kusa da sama, mutum 3 ne suka kamu da ciwon. Masu zango mai zurfi, a kusan adadin nutso ɗaya, sun ninka haka fiye da sau uku. Aka dakatar da gwajin.

Dalilin yana cikin randunan da na ambata a amsar farko. Lokacin da kake tsaye a zurfi kana lallashin randuna masu sauri, masu nawar suna ci gaba da sha. Kai kana ganin kana fitarwa, su kuwa cika suke yi, kuma su ne za ka fito da su saman ruwa. An yi ta jayayya a kan ko jadawalin da aka gwada ya yi kama da abin da masu nutso ke yi a zahiri, kuma masu jayayyar ba mahaukata ba ne. Amma ni a wurina, wanda ya kawo gwaji a kan jikin mutane ya fi wanda ya kawo hasashe, komai kyan hasashen. Shi ya sa da yawa daga cikinmu muka ɗaga lambar farko zuwa 50 ko sama, muka bar ta biyu tsakanin 70 da 85. Ba zan rubuta maka lamba a mujalla ba tare da na san shekarunka da lafiyarka da ruwan da kake shiga ba. Abin da zan ce shi ne, in za ka ƙara wa kanka kariya, ka ƙara minti a zangon kusa da sama, can ne lokaci yake biya. Kuma duk abin da kuka zaɓa, kai da abokin nutsonka ku saita iri ɗaya tun kuna kan jirgi, kada ɗaya ya gama zango ɗayan ya rage shi kaɗai.

Tunda wasu sun tambayi sunayen manhajoji: Subsurface kyauta ce, lambar gininta a buɗe take, Linus Torvalds mai Linux ne ya soma ta a 2011, tana da Bühlmann da VPM-B, tana kuma jawo tarihin nutsonka daga kwamfutocin hannu iri-iri ta lissafa maka shan iskarka na gaskiya. MultiDeco ma ta daɗe a hannun masu nutso mai zurfi. Wadda za ka zaɓa ita ce wadda lissafinta ya yi daidai da na kwamfutar da ke ɗaure a hannunka.

Tambaya: Malam, muna hutu ni da maigidana, kwana huɗu yana nutso sau uku a rana. Tun jiya da yamma kafaɗarsa ta dama ke ciwo can ciki, yatsunsa biyu sun yi sanyi kamar ba nasa ba, ga gajiya. Ya ce ba komai, kwamfutarsa ba ta taɓa nuna ya karya doka ba, wai ɗaukar tulu ne. Gobe da safe jirginmu zai tashi. Hankalina bai kwanta ba. *Daga wata uwargida*

Amsa: Na amsa wa wannan baiwar Allah a ranar da saƙonta ya iso. Ina buga amsar ne don wasu.

Hajiya, hankalinki ya fi kwamfutarsa gaskiya. Kada ya hau wannan jirgin, kada kuma ya koma ruwa. Ciwon gaɓa mai zurfi wanda motsi ba ya ƙara shi ko rage shi, mutuwar yatsu, gajiyar da ta wuce aikin da aka yi, duk bayan nutso, ana ɗaukarsu ciwon kumfa ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mutuwar yatsun ita ta fi damuna, domin tana nuna abin ya taɓa jijiya. Ku je wurin da ya yi nutson ku nemi oksijin zalla ya fara shaƙa yanzu, ya kwanta, ya sha ruwa, ku kira layin gaggawa na DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso tun 1980, suna amsawa dare da rana, za su gaya muku ɗakin matsi mafi kusa da yake aiki. In oksijin ya sa ciwon ya lafa, wannan ba warkewa ba ce, ƙarin shaida ce. A ɗakin matsi galibi ana mayar da mutum matsin mita 18 yana shaƙar oksijin, zaman kusan awa 5, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun cikakken sauƙi.

Maganarsa cewa kwamfuta ba ta yi ƙara ba, na ji ta daga bakin mutane masu hankali sau da yawa, kuma ita ce take jinkirta magani. Kwamfutar abubuwa uku ta sani: zurfi, lokaci, da iskar da ya ce mata yana shaƙa. Ba ta san ya yi amai a jirgin ruwa jikinsa ya bushe ba. Ba ta san ya yi aikin ƙarfi a ƙasa ba, ko ya ɗauki kaya masu nauyi bayan ya fito. Ba ta san ya sauka da ɗumi a jikinsa ya ƙarasa zango yana rawar sanyi ba, alhali gwajin rundunar ruwa ta Amurka na 2007 ya nuna wannan shi ne haɗin da ya fi muni, domin jini yana kai naitirojin ciki da sauri sannan ya yi nawa wajen fitar da shi. Ba ta kuma san ko yana cikin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutane da aka haifa da 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama wadda ba ta rufe ba, inda kumfa kan tsallake huhu ta wuce kai tsaye zuwa jijiyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa. Mutane da dama da suka kamu da ciwon nan ba su karya ko doka ɗaya ba. Ki gaya masa wannan da kyau, domin sau da yawa kunya ce take hana namiji faɗa, yana ganin kamar za a ce bai iya ba.

Game da jirgin sama: cikinsa matsi yana sauka zuwa irin na tsauni mai tsayin mita 2,400, kumfar da ke jiki sai ta ƙara girma. Ga mai lafiya wanda ba ya jin komai, shawarar DAN ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko kwanaki a jere, fiye da haka sosai in an yi zango na wajibi. Waɗannan awannin ba su shafi maigidanki ba. Shi likitan da ya duba shi ne zai faɗi ranar da zai tashi. Haka ma hanyar mota, in za ta hau tsauni sama da mita 300 kafin ku isa asibiti, ku faɗa wa wanda kuke waya da shi. Ku tafi da kwamfutar hannun nasa, kada kowa ya goge komai a cikinta, kuma ki rubuta lokacin da ya fito daga nutso na ƙarshe da lokacin da kafaɗar ta fara ciwo, likitan zai tambaye ki duka biyun.